Ƙarafan Malam da Tuwon Ƙofar Gida

Gumel, ranar Juma'a

Zuwa ga Yayata Talatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara da duk mutanen Sule Tankarkar. Yaya ƙafar Inna? Tunda wayarki ta ƙi gyaruwa, ga takarda ta hannun Cindo direba.

Yaya, albishirinki! Na samo ƙarafan nan. Kin tuna likitan gashin ƙashi ya ce hannun daman Malam bai mutu ba, kwanciya kawai ya yi tun ciwon shanyewar nan, in yana ɗaga abu mara nauyi kullum, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, zai tashi? To jiya na yi sammako na tafi kasuwar Maigatari, na yi yawo har ƙafata ta yi bororo, sannan na same su a wurin wani mai kayan gwanjo. Guda biyu ne. Kowanne gajeriyar sanda ce ta ƙarfe, ana zura mata faya-fayai ta gefe biyu a ɗaure da noti. Kina son nauyi ki ƙara faifai, kina son sauƙi ki zare. Mai kayan ya tambaye ni wai ɗana ɗan dambe ne, na ce masa na mijina ne, sai ya kama baki. Mai adaidaita sahun da ya kawo ni daga tasha kuwa rantsuwa ya yi injin niƙa na sayo.

Ba don komai nake wannan rawar kai ba sai don ciyayya. Kin san tun kafin a kawo ni gidan nan Malam da maƙwabtansa a ƙofar gidanmu suke cin tuwon dare, kowa a fito masa da kwanonsa bayan magariba. Tun da ya kwanta bai sake zama cikinsu ba. Ƙafa ta warware, magana ta dawo, masallaci ma yana zuwa, amma ana sallamewa zai sulale gida. Ya ce ba zai ci da hagu a gaban mutane ba, kuma ba zai bari a ga loma tana suɓuce masa ba. A ɗaki yake ci da cokali, ya juya wa ƙofa baya, yana jiyo dariyarsu ta katanga. Wallahi Yaya abin nan yana cina, mutum sai ramewa yake yi.

Da ya ga ƙarafan cewa ya yi wai da furfurarsa zan mai da shi ɗan tasha. Na zare faya-fayan duka, na ajiye masa sandar tsura kusa da buzunsa. Mu zuba, ni da shi.

Ki gaida Inna da kyau, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Mahbuba

Gumel, farkon damina

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Yaya shuka, yaya ruwa a wajenku? Na ga daddawa, Allah ya bar zumunci.

Ya ɗaga, Yaya, ya ɗaga! Da farko ko kallon sandar ba ya yi. Sai na tsiri ɗaukar ɗayar a gabansa ina wurwura ta yadda na ga dama. Kin san Malam, tsohon malamin makaranta, ba ya iya ganin ana abu ba daidai ba ya yi shiru. Ya ce ba haka likita ya nuna ba, gwiwar hannu a jikin haƙarƙari take tsayawa, in miƙo ya gwada mini. Na miƙa ina danne dariya. Tun daga ranar bai fasa ba, kullum da safe bayan ya gama lazimi.

Yanzu an kai ga ƙaramin faifai kowane gefe. Buta ma da dama yake ɗaukarta. Ni na so a ƙara faifai matsakaici, likita ya taka mini burki, ya ce gaggawa ce take mai da mutum baya. Ni ma fa ban zauna ba, ɗayan nawa ne. Shekaranjiya na ciccibi jarkar ruwa ni kaɗai, mai ruwan ya tsaya yana kallona.

Sai dai har yau bai fita ba. In na yi zancen ya ce hannun yana rawa, ba zai je ya zama abin tausayi ba. Ya kuma ja mini kunne kada abokansa su ji yana ɗaga ƙarfe. Na gaji da lallashi, kuma akwai abin da nake saƙawa. In kin ji an koro ni, ki share mini ɗaki.

A gaida kowa da kowa.

Taki,
Mahbuba

Gumel, ranar Lahadi

Yaya Talatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, da jikin Inna. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, labari ne yake cin bakina.

Kin san Ummukulsum matar maƙwabcinmu Alhaji Shehu, wadda magana ba ta kwana a cikinta. Na je aron rariya, na ɗan yar mata da zance cewa akwai wani ƙarfe a gidanmu da duk unguwar nan babu dattijon da zai iya raba shi da ƙasa. Alhaji Shehu kuwa har gobe yana cika bakin kokawar da ya yi a Gagarawa yana saurayi. Jiya da la'asar sakaliya sai ga sallama, shi da Ismail tela da Ɗanjuma mai awo. Ni kuwa tuni na tattara faya-fayan duka a sanda ɗaya na mirgina ta zaure da ƙafa.

Malam ya watsa mini wata harara, amma baƙi ba sa tsayuwa a ƙofa, dole ya fita. Na laɓe bayan ƙyaure. Alhaji Shehu ya naɗe babbar riga, ya duƙa, ya yi nishi, da ƙyar ya kawo ta gwiwa, hularsa ta faɗo. Ismail ya kwashe da dariya, shi ma ya gwada ya sha kunya. Malam ya kasa daurewa. Ya ce za su ɓalla bayansu a banza, ya durƙusa ya kwance notin, da damansa fa Yaya, ya rage faya-fayan, ya shiga koya musu ɗaya bayan ɗaya har da tsawa. Ana cikin haka aka kira magariba.

Da suka dawo daga masallaci musu bai ƙare ba, suna tafe suna jan Malam da gardamar wa ya fi wa, har tabarma. Kwanuka suka fara fitowa daga gidaje. Na zuba tuwon dawa da miyar kuka na aika, ban sa cokali ba. Aka buɗe, aka wanke hannu, babu wanda ya taɓa. Alhaji Shehu ya ce shi dai bai taɓa riga mai ƙofa sa hannu a kwanonsa ba, ba kuma yau zai fara ba.

Na ce a raina shi ke nan, yanzu zai tashi, na ɓata komai. Can sai na ga ya ja hannun riga. Ya gutsuro, ya dangwala, hannun yana karkarwa, lomar ta faɗo masa a ƙirji. Babu wanda ya ɗago kai. Ɗanjuma ya ci gaba da rantsuwa cewa shi ya fi tela ɗagawa. Malam ya sake gutsurowa, wannan karon ta kai baki.

Sai bayan isha'i ya shigo, fuska a murtuke, gaban riga duk miya. Ya ce maganar sakin bakina tana nan, za mu yi ta. Ya kai ƙofar ɗaki ya juyo ya ce gobe in ƙara malmala, kuma miyar yau gishiri bai ji ba. Yaya, rabon da ya kushe mini miya tun kafin ya kwanta. Na shige ɗakin girki na yi kuka har na ƙoshi.

Ki faɗa wa Inna ta taya mu godiya ga Allah. Ina gaishe ku baki ɗaya.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Mahbuba