Ƙwaryar Kadijatu

Birnin Gwari, damina, 1952

Zuwa ga Autana, ma'aikatar jirgin ƙasa, Kaduna.

Gaisuwa da sa albarka. Malam Gambo ke rubuta mini, na ce kada ya rage komai.

Tun kafin shuka bakina ke ci da wuta, kamar na kurɓi kunu daga kan murhu. An duba, ba ƙurji, ba kumburi. Tuwo ɗaci yake mini, na rame har zane na kwancewa. Na kuma gane mai hannu a ciki: Kadijatu mai nono, ta rugar bakin dajin Kamuku. Ran da abin ya soma, goronta na ci. Ƙawance tun muna amare, ashe haka take! Na ce kada ta ƙara sauke ƙwarya a ƙofata. Yanzu citta da kanumfari nake taunawa, ina kurkure baki da kanwa, amma abin sai gaba yake.

Allah ya yi maka albarka.
Innarka, Huraira

Kaduna

Zuwa ga Inna.

Ina durƙushe ina gaishe ki. Takardarki ta tayar mini da hankali, sai na kai wa malamin asibitinmu maganar. Ya ce sun san ciwon, ya fi kama manyan mata, kuma ba sammu ba ne. Ki bar yaji, citta, tsamiya, kanwa, har goro da furen taba. Inna, wa ya taɓa kashe gobara da kananzir? Ki riƙa kurɓar ruwan randa kaɗan-kaɗan, kina riƙe shi a baki. Ɓacin rai ma yana hura wutar.

Ki gafarce ni, amma goron nan, ba lokacin da na zo hutu ba ne? Ke kika ɓara shi, kika miƙo mini ɓari. Ga bakina lafiya lau, har ana kuka da cina.

Ya ce madara mai sanyi tana kawo sauƙi. Inda za ki samo ta ne ban sani ba.

Allah ya ƙara miki lafiya.
Ɗanki, Auta

Birnin Gwari, kaka

Auta, ina gaishe ka, ɗan nema.

Rabuwa da goro ta fi haihuwarka wuya, amma na rabu. Wutar ba ta mutu ba, sai dai ta yi sauƙi, jiya har na nemi ƙarin tuwo.

Da ƙafata na je rugar, kunya kamar ƙasa ta tsage. Na soma ba da haƙuri, Kadijatu ta katse ni. “Zauna, Huraira. Tun ranar nan kullum sai na ware miki ƙwaryarki, in yamma ta yi in ba yara.” Ta ɗauko, ta buɗe faifan, sai ga madara mai sanyi. Na yi kuka, ba na ɓoye maka.

Malam Gambo na dariya. Na ce ya rubuta haka nan.

Ka huta lafiya.
Innarka