Kabiru Ya Kai Ɗakin Ƙarshe

Zuwa ga ƙanena Nasiru, a duk inda wannan ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ni ce yayarka Binta, daga gidanmu na Kubwa. Umma tana nan, sai dai ƙafar nan tata da hawan jini. Na rubuta a nan inda kowa zai karanta ne don ba ni da adireshinka, lambar da ka kira mu da ita daga Agadas kuwa tun ranar ba ta sake shiga ba. Duk wanda ya san inda kake, don girman Allah ya kai maka.

Ba zan tsaya kewaye-kewaye ba. Kabiru, autanmu, ya fara karatun nan naka.

Wata Asabar da hantsi ina tsintar wake a tsakar gida, shi yana wanki a bakin famfo ya ba ni baya, sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa: torno, torni, torna, torniamo. Wallahi Nasiru, saura kaɗan faifan ya suɓuce daga hannuna. Ba kowa a unguwar nan da zai gane abin da yake faɗa sai ni. Ni kuwa kai ka koya min, ba da sona ba.

Ka tuna yadda abin ya faro? Lokacin Abuja ko'ina gini ake, ka ɗaga kai ba ka ganin komai sai ƙarafa da bene bisa bene. Kai kana shimfiɗa tayis a gidajen manya, ka dawo gwiwoyin wandonka fari fat da siminti. Sai ka riƙa shafa kwalin tayis ɗin kana cewa, "Yaya, mu nan shimfiɗawa kawai muke, can Italiya ake yin sa." Na ce to sai ka je su ba ka sarauta. Da na san inda bakina zai kai, da na haɗiye maganar.

A wajen aikin ne wani ya haɗa ka da Kawu Roma, mutumin nan mai shagon takalma a saman bene a Mararaba, wanda aka ce ya yi shekaru a can. Yana koya wa samari Italiyanci kyauta, shi ne kuma mai hanyar kai su can. Dokarsa guda ce: kalma ɗaya za ka ɗauka, ka juya ta ta kowace fuska, ranar da ka biya masa duka ba tuntuɓe, ka sauke, za a sa ka cikin masu tashi. Kalmar da ya zaɓa muku ita ce tornare, wato dawowa. Da bakinsa ya gaya wa Umma ranar da ya zo gaishe ta da ledar lemo: "Hajiya, ni dawowa nake fara koya musu." Umma ta yi ta sa masa albarka.

Kai ka ce min kalmar kamar gida take, ɗaki-ɗaki ake gama ta. Akwai ɗakin yanzu, akwai na jiya, akwai na abin da aka saba yi a da, akwai na gobe. Sai na "da zan", sai na "da a ce", sannan na umarni a can ƙarshe. Kowane ɗaki da mutanensa: ni, kai, shi, mu, ku, su. Ni kuma ka maida ni mai riƙe maka takarda a bas, kullum da safe, cikin gosulon nan na shiga gari. Kana biyawa ina dubawa, fasinjoji suna waiwayen mu. Har yau ina jin kwandastan nan da ya ce, "Oga, wannan addu'ar ta wace ɗariƙa ce?" Ka yi dariya har da hawaye. Ɗakin gobe ka fi so. Tornerò, zan dawo. Kana faɗa kana dukan ƙirji kamar ɗan dambe, ni ina cewa rufe min baki, mutane na kallo.

Ka sauke. Ka sayi takalmin roba da ƙaramar jaka baƙa. Ka kira daga Agadas ka ce gobe za ku shiga rairayin hamada, kada mu damu idan muka ji shiru kwana biyu. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta sake wucewa, shirun nan bai ƙare ba.

Umma ta ɗauka aiki ne ya yi maka yawa. Likita ya ce kada a tayar mata da hankali, don haka ni ma abin da nake gaya mata ke nan. Kabiru kuwa ya yarda da gaske. Da na tsare shi a bakin famfon nan, na zage shi tas, na ce uban me ka rasa a garin nan, sai ya ce, "Yaya, diflomata na cikin akwati tana cin ƙura. Ogan ofishin naku, kullum na je neman aiki sai a dawo wata mai zuwa. Wanda ya samu waje ai ba ya zaman waya." Ka ji fa. Shirunka ne hujjarsa.

Na ɗauki uzuri a ofis na tafi Mararaba. Kawu Roma ya ƙara ƙiba, shagon ya zama biyu. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya ce kana lafiya lau, jiya-jiya ma wani ya gan ka. Na ce wa? Ya yi murmushi. Sai ya tambaye ni jikin Umma, ya faɗi sunan maganin da take sha, ya ce a riƙa kiyaye mata da labarai marasa daɗi, masu hawan jini ba sa jure wa hayaniyar 'yan sanda a ƙofar gida. Ya rako ni har bakin matakala yana cewa, "Kabiru ya fi yayansa kaifin kai." A bayansa samari ne cike da benci, suna biyawa baki ɗaya. Na sauko na kama hanyar gida.

Yanzu Kawu ba ya ba da takarda, da ka ake ɗauka. Kai ma ka san dalili: ba ya son abin da zai zama shaida a kansa.

Bayan kwana kaɗan Kabiru yana goge takalmi yana biya ɗakin gobe, ya kai kan "mu" ya cije. Ya maimaita, ya sake cijewa. Kafin in ankara bakina ya ce torneremo. Haka kawai ta fito, kamar yadda kake amsa sallama. Ya ɗago ya kalle ni da irin kallon nan naka, ya ce, "Ashe kin iya! Yaya, za ki riƙe min?"

Na ce zan riƙe. Kada ka yi mamaki, na yi tunani ne. Muddin bai sauke ba, ba zai tashi ba. To in dai ni ce mai riƙewa, ba zai sauke ba har abada.

Na bar shi ya wuce sauƙaƙan ɗakunan lafiya, don ya yarda da ni. Da ya shiga na "da zan" da na "da a ce", inda kai ma ka sha wuya, sai na fara aikina. In ya faɗi daidai in ce a'a, ba haka yayanka yake faɗa ba. In ya ce tornassero, in karkace masa ƙarshenta. In ya kuskure da kansa in ce madalla, ci gaba. Ya je gaban Kawu ya faɗi, ya dawo ransa a ɓace. Ya sake zuwa ya sake faɗuwa, aka tashi da wasu aka bar shi. Ranar na dafa masa shinkafa da miyar kaza. Ban ji kunyar Allah ba ko kaɗan, kuma ko yau aka ce in sake, zan sake.

Sai dai Kawu bai yi ƙarya ba a kan kaifin kan yaron nan. Ban san wanda ya ankarar da shi ba. Bai yi min faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Yana nan yana zuwa ya zauna a gabana bayan la'asar ya biya. In na ce a'a, sai ya kalle ni cikin ido, ya maimaita daidai ɗin a hankali, ya wuce gaba.

Jiya ya biya duka, tun daga torno har ɗakin umarni. Na kasa kunne ina neman inda zan kama shi, ban samu ba. Umma tana kan tabarmarta a gefe da carbi. Da ya gama ta ce, "Ikon Allah, muryarsu ɗaya da Nasiru. Sake min, auta, in ji ɗana." Ya sake mata. Tana murmushi tana gyaɗa kai, ni na shige kicin na toshe bakina da mayafi.

Asabar mai zuwa zai je gaban Kawu. Da safen nan ina shara na ga takalmin roba sabo a ƙarƙashin gadonsa.

Nasiru, ɗan ƙanena, ba na ce ka dawo ba. Na daina roƙon wannan, na bar wa Allah. Ba na neman ko sisinka, ba na neman bayani. In kana raye, ka ari wayar wani ka kira Kabiru, lambarsa ita ce tsohuwar taka da ka bar masa. Ni ya daina jin maganata, Umma kuwa ba zan iya gaya mata ba. Kai kaɗai zai ji. Ka gaya masa abin da ke cikin rairayin nan da abin da ke bayansa. In ma daɗi kake ji a can, ka yi masa ƙarya ka ce wuya ce, na ɗauki zunubin.

In kuma ba ka raye, to wanda ya ga ƙarshenka ya ji tsoron Allah ya faɗa min kafin Asabar. Zan iya ɗauka. Na fi son in yi maka zaman makoki in riƙe ɗaya, da in ci gaba da shara a ɗakin mutum biyu.

Allah ya tsare ka in kana bisa ƙasa, ya yi maka rahama in kana cikinta. Allah ya ɗaure harshen Kabiru a gaban mutumin nan, ko da a kan harafi ɗaya ne. Amin.

Yayarka mai riƙe maka takarda,
Binta.