Alherin Arvid da Ɓerayen Hamada

Hamadar Arizona, kusa da Quartzsite
Farkon Janairu

Zuwa ga Yaya Verna,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙafar taki, yaya kuma fama da ƙanƙara? Mu dai mun iso lafiya, rana tana ta gasa mu har mun fara ƙamshi.

Ba zan ɓoye miki ba, tafiyar nan ba ta biya buƙatar da ta fito da ni ba. Kin san tun da Arvid ya sayar da garejinsa yake zaune a koriyar kujerar nan ta bakin taga yana kallon titi. Shi ya sa na matsa masa muka sayi motar nan mai gado da kicin a ciki, ko ganin duniya zai farfaɗo da shi. Ina! Tun daga North Dakota har nan, maganar da ta fito daga bakinsa ba ta cika cokali ba. Da muka tsaya a bakin Grand Canyon, ƙaton kwazazzabon nan da duniya ke zuwa kallo, mutane na riƙe baki, wata har da hawaye, shi kuwa ya leƙa ya ce, "To, rami ne." Ya koma mota.

Nan inda muka yada zango tsofaffi ne irinmu ba iyaka, duk sanyi ya koro su, kowa da motarsa a tsakanin ƙaya da duwatsu. Kullum da yamma ana hura wuta, kowa ya jawo kujera ya kawo tukunyarsa. Ni ina kai gurasar dankalinmu, kuma ba ta kwana. Arvid ba ya zuwa. Ya ce ƙarshen wata mu juya gida. Yaya, tsoro nake ji. Kin tuna yadda Baba ya yi bayan ya bar gona? Likita bai sami komai ba, kujera ce ta cinye shi.

Abu ɗaya ne ya ɗan motsa shi. Mutanen nan da rana ta yi sanyi sai ka ga kowa ya buɗe bonet ɗin motarsa ya bar shi a wangale. Ranar farko Arvid ya ɗauko akwatin kayan aikinsa jiki na rawa, domin a wurinmu buɗaɗɗen bonet neman taimako ne. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa, ya dawo rai a ɓace, wai lafiyarsu ƙalau. Na ce, "To ka tambaye su mana." Ya dube ni kamar na ce ya yi rawa a coci. Ya ce, "Luella, tsufa ne. Su duba mai, su manta su rufe. Ba a tona wa mutum asiri."

Yanzu da zarar an taru a bakin wuta sai ya zagaya a hankali ya rurrufe musu, kamar yadda yake share wa maƙwabta ƙanƙara ba ya faɗa. Ni dai na ƙyale shi, ko ba komai yana taka ƙasa.

Ki gaishe min da matan coci.

Ƙanwarki,
Luella

*

Rugby, North Dakota

Luella,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa tana nan inda kika bar ta, ƙanƙara kuwa ta kai taga.

Ke da mijinki tukunya ce da murfinta. Shi ba ya tambaya, ke kuma ba ki tambaya don kada a ce mijinki bai sani ba. Mutum ɗaya yana iya mantuwa, amma gari guda ba ya manta abu ɗaya kullum a lokaci ɗaya. Matambayi ba ya ɓata. Amma na san maganata iska ce, tun kina 'yar mitsitsiya haka kike.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. 'Yarku Kirsten ta zo ta kwashe ni muka je ganin gidan tsofaffin nan na bayan asibiti. Ta ce da kun dawo za ta zauna da ku kan maganar komawarku can. Wai ubanta ya gama, ke kuma ba za ki iya da shi ke kaɗai ba. Har ta auna bakin taga da hannu ta ce koriyar kujerar za ta shiga daidai. Na ce mata ubanki bai mutu ba tukuna, ta ce ai don kada ya mutu ne. Yarinyar ba mugunta take yi ba, abin da ta gani take faɗa.

Ban ce ki dawo ba, ban ce kada ki dawo ba. Ki dai san abin da ke jiranku.

Ki gaishe da sarkin surutu.

Yayarki,
Verna

*

Hamadar Arizona
Tsakiyar Fabrairu

Yaya Verna,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar jinkiri. Ki zauna kafin ki karanta, don na san za ki ce ai kin faɗa.

Ashe ɓeraye ne! Akwai wasu ƙattin ɓeraye a hamadar nan, ba abin da suke so kamar wuri mai duhu da ɗumi. In suka sami inji a rufe sai su shige su yi sheƙa da ƙaya, su bi wayoyi su gwaigwaye tas. Shi ya sa ake barin bonet a buɗe, haske da iska su hana su zama. Kowa ya sani, ban da mu.

Wata safiya sai ihu ta ko'ina. Wannan motar ta ƙi tashi, waccan ta tashi amma in an taka birki sai hon ya yi kuka. Wata mata daga Texas, Maybelle, mai murya kamar lasifika, ta kama mijinta Hoyt a gaban jama'a. Ta ce, "Kai dai ba ka da amfani! Bonet ɗin ma ba ka iya buɗewa?" Ya ce, "Na rantse na buɗe, Zuma." Ta ce, "Zumar gidanku! To aljani ne ya rufe?" Ashe a kowace mota an kwana biyu ana wannan rigimar, miji na zargin mata, mata na zargin miji ya fara ruɗewa. Wani ma har ya yarda shi ne, don a zauna lafiya.

Da yamma aka taru. Ni na ƙame a kujera ina addu'ar ƙasa ta tsage. Sai ga Arvid, wanda bai taɓa zuwa ba, ya tsaya a tsakiya da hula a hannu. Ya ce, "Ni ne. Na ɗauka mantuwa kuke yi."

Maybelle ta taso ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, kai daga ina?" Ya ce North Dakota. Ta juya ga jama'a ta ce, "Shi ke nan, ku ƙyale shi, sanyi ne ya daskarar masa da kai. Mu gaba ɗaya ka mai da mahaukata, kai kaɗai ne mai hankali?" Hoyt kuwa ya rungume shi har da ɗaga shi sama, yana cewa, "Ɗan'uwa, ka wanke ni! Shekara da shekaru yau ce rana ta farko da laifin ba nawa ba ne."

Arvid ya ce duk abin da ya ɓata zai gyara, kuma ba zai karɓi ko sisi ba. Yaya, da kin ga mutumin nan! Gari na wayewa yana ƙarƙashin mota, tsofaffi sun kewaye shi da kofunan kofi suna ba shi shawarar da bai nema ba. Yana cin abinci kamar manomi. Rannan na ji wata irin ƙara, na fito a guje na ɗauka tari ne ya sarƙe shi, ashe dariya yake yi. Na koma ciki na yi kuka na more. Yanzu sunansa a nan Abokin Ɓera, kuma yana amsawa. Ƙarshen wata ya zo ya wuce ba wanda ya ambace shi.

Sai dai aiki yana ƙarewa. Da ya gama gyaran mota ta ƙarshe ya wanke hannu, ya ce, "To, alkawari ya cika. Litinin sai gida." Na karanta masa wasiƙarki, ya ce Kirsten ta fi mu sanin abin da ya dace. Kin san shi, in ya furta magana ko ba ya so sai ya cika ta.

Amma ki ji ikon Allah. Ranar Litinin ɗin tamu motar ta ƙi tashi. Ɓeraye sun shiga sun yi mata kaca-kaca. Ban san yadda aka yi ba, ni dai ban ga komai ba. Ya ce sai an aiko da wani ƙarfe daga nesa, kuma ba a san ranar zuwansa ba. Ki faɗa wa Kirsten ta yi haƙuri.

Taki har kullum,
Luella

*

Arizona

Yaya Verna,

Ina gaisuwa. Ban iya wasiƙa ba.

Kullum da hannuna nake buɗe bonet ɗinmu. Kullum da safe in tarar da shi a rufe. Akwai shatin yatsu a kai, da garin gurasar dankali. Ɓera ba ya murza gurasa.

Waya biyu ce kawai suka ci, aikin rabin yini. Ba wani ƙarfe da nake jira. Kada ki gaya wa Luella na sani, ta sha wahala wajen kai hannu, bonet ɗin ya fi ta tsawo.

Hoyt ya ce in zafi ya shigo akwai wani wuri a kan duwatsun New Mexico, can ma ɓerayen ba su da kunya.

Ki ce wa Kirsten muna gaishe ta, ta bar wa wani mutum ɗakin gidan tsofaffin. Kujerar kuma a ba coci.

Ki huta lafiya.

Arvid