Tsoho a Ajin Tabbatarwa

Ermera

Zuwa ga 'yata Felismina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin asibiti? Mu lafiya lau, kofi ya yi fure.

Maƙwabcinmu Gaspar ya samu ɗa, ya roƙe ni in zama uban baftismar yaron. Na amsa da murna. Sai Fada Hornai na cocinmu ya tambaye ni ko an yi mini Tabbatarwa, wadda Bishof ke shafa wa mutum mai a goshi. Ina aka yi? Shekarar da Bishof ya zo wa tsarana muna kan duwatsu gudun yaƙi. Ya ce to sai na shiga aji, Bishof zai zo bayan Ista.

Yanzu duk Asabar ina kan benci da sa'o'in jikokina. Katekis, malamin ajin, ya ce, "Baba Anacleto, mene ne alheri?" Na ce, "A yi maka kirki ka rama." Yara suka fashe da dariya. Wata mai wushirya ta ce, "Kaka, ka faɗi!" Ina ganin zan ba Gaspar haƙuri.

Mahaifinki,
Anacleto

Dili

Baba,

Ina gaishe ku da girmamawa, kai da Mama. Na yi dariya har abokiyar aikina ta leƙo. Kai da ka sa ni haddace sakramenti bakwai kafin in ci masara, yau 'yar wushirya ce za ta kore ka?

Alheri kyautar Allah ce, ba a biyan ta, ba a rama ta. Ka tuna ruwan da ya sauka bara bayan kowa ya fid da rai? Me ka ba sama? Tabbatarwa kuwa hatimin Ruhu ne a kan baftismarka, kuma ba a taɓa cewa furfura tana hana man shafawa zama a goshi ba. Don Allah kada ka kunyata Gaspar.

'Yarka,
Felismina

Ermera

Felismina,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Na koma ajin. Na faɗa musu zancen ruwan saman, katekis ya ce a tafa mini. Ban ce naki ne ba. 'Yar wushiryar, Zulmira, ita ke yi mini bita yanzu, ina kai mata ayaba. Na je ikirari ma. Fada ya ce, "Baba, zunubanka nake jira, ba na maƙwabta ba."

Ga magana. An ce kowa ya zo da wanda zai tsaya bayansa ya dafa masa kafaɗa. Mamanki ta lissafo mini tsofaffi, ko ɗaya bai kwanta mini ba. Ke nake so. Na san ba a samun hutu a wajenku, ga damina ta cinye hanya. In ba hali, ba komai.

Mahaifinki

Ermera

'Yata,

Kin isa lafiya? Har yau ana labarin shigowarki coci da taɓo har gwiwa, ana tsakiyar Misa. Da Bishof ya shafa man ya ce, "Salama ta kasance tare da kai," amsar ta ɓace mini sai da kika matse kafaɗar.

An yi wa yaron baftisma jiya, ya yi barci a hannuna. Ƙanshin man nan yana jikin matashina. Mamanki na son wankewa, na hana.

Allah ya yi miki albarka.
Baba