Hedifon ɗinka da Masararmu

Chidi,

Na tafi kasuwar Malumfashi kana barci. Sannu da ƙoƙari, ka iya zaɓen hedifon. Ka ce mai toshe kunne ruf kake so, don ka bi waƙoƙin coci kana kaɗa gangarka ba tare da ka dame mu ba. Gaskiya waƙar ba ta dami kowa ba, gangar ce ake ji har bakin titi.

Jiya Malam Lawal ya kawo mana masara daga Ƙarfi, ya yi ta sallama har ya gaji, ya juya da buhunansa. Da ya kira ni cewa ya yi, "Biki kuke yi ba gayyata?"

Tuwonmu dai yana Ƙarfi. Makullin babur na kan firij.

Yayarka,
Adaeze