Kafaɗar da Baba Yake Dafawa

Ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu ma lafiya lau.

An cire wa Baba bandejin aikin idon da aka yi masa. Likitan da kika tura mu wurinsa ya yi gaskiya: dundumin da muke ta ɗura masa hanta saboda shi, ashe yanar ido ce ta kawo shi. Da rana haske yana da yawa, yana ratsa yanar. Rana na faɗuwa ɗan abin da ya rage ba ya wucewa. Yanzu da kansa yake zura zare a allura.

Na yi murna, amma ba zan ɓoye miki ba, kishinki nake ji. Shekara da shekaru ni ke zuwa shagonsa kafin magariba, in rufe keken ɗinki, ya dafa kafaɗata mu taho, ina ce masa ga kwata, ga rami. A hanyar nan kaɗai yake hira da ni. Ke kin zo sau ɗaya da ƙamshin turarenki, yanzu duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha labarin Auta ta buɗe masa ido. Hotonki na bango ya fara tsayawa kallo. Ni da ya dube ni, cewa ya yi ashe na yi furfura.

Shi kaɗai yake dawowa yanzu. Magariba na yi sai in rasa inda zan sa kaina.

Ki gaida yara.
Yayarki.

Auta,

Ina gaishe ki, da fatan zazzaɓin ƙaraminku ya sauka.

Na ga amsarki. Wai in huta, za ki sa mai mota ya riƙa ɗauko shi. Sannu da ƙoƙari!

Jiya na kasa haƙuri, na ɗauki tsohon zane na tafi shagon da sunan gyara. Na tarar ya kulle, yana zaune a benci yana kallon ta inda nake ɓullowa. Mai shayin gefensa ya ce kullum haka yake yi kafin ya tashi. Bai tambayi zanen ba. Ya miƙe ya dafa kafaɗata, muka taho. A bakin kwata shi ya riga ni gani, amma ya tsaya sai da na faɗa masa.

Allah ya saka miki da alheri a kan idon. Motar kuma ki bar abarki, kada ki turo.

Yayarki mai furfura.