Gwajin Jinin Mama ta Bayan Bango

Yaya Nyayual,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen Juba. Mu dai ruwan ambaliya bai janye ba, muna nan kan tudun, kifi da bado ne abincinmu.

Mama ba lafiya, jikinta zafi rau. Kin san da masu agaji za su tafi, gari ya taru ya zaɓi maigidana Gatdet, suka koya masa aiki, suka bar masa akwatin magani. To akwatin yana ɗakina, Mama tana bukkar da ke kallonmu, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta sha ba. Kaina ya kulle, Yaya.

Ƙanwarki, Nyakong

*

Nyakong,

Ina gaishe ki. Na karanta takardarki har na gaji, ban gane komai ba. Magani ya ƙare ne? Sun yi faɗa ne? Ko mijin naki ya zama babban likita, sai an bi layi? Ki rubuto kamar mai hankali, ki ba mai jirgin ruwan nan kafin ya juyo. Idan wani abu ya sami Mama da magani a ɗakinki, ba ni ba ke.

Yayarki

*

Yaya,

Na gaishe ki, faɗan kuma ya iso lafiya. Zaman birni ya mantar da ke ne? Surukinta ne fa! Tun aurenmu, in ya hango ta sai ya sake hanya.

An koya masa kada ya ba kowa maganin zazzaɓin sauro sai ya soki yatsa ya gwada jini. Mama ta ce, "Mijin 'yata ya kama mini hannu? Gara a haƙa ramin." Shi kuma ya ce, "In ba sauro ba ne fa? In ɗura mata abin da ba shi ba, ciwon yana cinta?" Na je wajen dattawan da suka zaɓe shi, suka yi ta kallon juna. Ashe ranar zaɓen ba wanda ya tuna cewa mutum yana da surukai.

Jiya Mama ta fara kirana da sunanki. Tsoro ya kama ni sosai. Na fizgi akwatin na shiga wajenta, Gatdet ya zaga bayan bukkar ya tsaya yana magana da bango.

"Bango, a goge yatsan tukuna."

Na ce, "Wanne daga ciki?"

"Bango, na kusa da ƙaramin! A soka, kada a tsaya tausayi."

Na ɓata abin gwajin na farko. A na biyu layi biyu suka fito, na manta ko alheri ne ko akasinsa, na fashe da kuka. Ya ce, "Bango, sauro ne, a ba ta maganin." Ta haɗiye. Har yanzu ban san ko mun makara ba.

Ki yi mana addu'a. Nyakong

*

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, jirgi zai tashi. Dattawa sun ce in koyi aikin, don surukan gari su huta.

Mama ta tashi zaune, har ta sha romon kifi. Da safe ta ji tafiyar Gatdet a waje, ta gyara mayafi, ta juya ta fuskanci bango, ta ce, "A gaya wa mai bangon nan, ɗa na haifa ban sani ba."

Yana can bakin ruwa, wai gyaran komar kamun kifi yake, ya ƙi bari in ga idonsa.

Taki, Nyakong